Ciwon Cikin Safiyar Karatu: Yadda Wata Makarantar Firamare Ta Tunkari Fargabar Ɗalibanta

## Asalin lamarin

Makarantar firamare ce matsakaiciya. Ba za a faɗi sunanta ko inda take ba, haka ma yara da malamai da iyayen da za su fito a wannan bayani. An bi yaran azuzuwa guda biyu ne tsawon shekaru biyu na karatu, tun suna 'yan shekara takwas zuwa tara har suka doshi goma sha ɗaya.

Ba malaman aji ne suka fara lura ba, ma'aikaciyar jinyar makarantar ce. Tana da littafin da take rubuta duk yaron da aka turo mata, da lokacin da ya zo, da abin da ya ce yana damun sa. Sai ta ga fuskoki iri ɗaya ne ke ta dawowa: ciwon ciki, ciwon kai, tashin zuciya. Babu zazzaɓi, babu amai, kuma bayan rabin sa'a yaro ya warware kamar ba shi ba. Da ta ɗora littafinta a kan jadawalin darussa, sai ciwon ya nuna yana da lokaci. Yakan zo ne daf da darasin da ake karatu a bayyane, ko ranar gwaji, ko safiyar farko bayan hutu.

Irin waɗannan yara ba sa tada hankalin kowa. Malami ya fi sanin mai surutu da mai faɗa. Wanda ya yi tsit ya sunkuyar da kai sai a ce yana da ladabi. Amma ba su da kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 yara da matasa miliyan 58 ne ke fama da matsananciyar fargaba. Wani nazari na 2015 da ya tattara binciken ƙasashe da dama ya sa adadin a kashi 6.5 cikin 100 na yara da matasa, wato kamar yara biyu a ajin mutum talatin. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2005 kuma ya gano cewa rabin masu wannan larura ta fara musu ne tun suna da shekara 11 ko ƙasa da haka. Shi ya sa masu neman rigakafi suka fi zuba ido kan ƙarshen firamare.

Tsoro dai kowane yaro yana da shi, kuma yana da amfaninsa. Yana zama larura ne idan ya daɗe, ya fi ƙarfin abin da ya jawo shi, ya kuma hana yaro abin da sa'anninsa ke yi. Ciwon cikin ma ba ƙarya ba ne. Idan jiki ya ɗauka akwai haɗari, zuciya na ƙara bugu, numfashi na sauri, jini na karkata zuwa tsokoki, aikin hanji kuma ya rikice. Yaron da ya ce cikinsa na murɗawa, murɗawar yake yi.

Yara uku ne suka fi fitowa fili. Akwai yarinya mai ƙoƙari a rubutu wadda muryarta ke ɗaukewa idan aka ce ta karanta. Akwai yaron da ba ya iya rubuta layi biyu sai ya ɗaga hannu ya tambaya ko daidai ne. Akwai kuma wanda ke riƙe rigar mahaifiyarsa a bakin ƙofa kowace safiya yana kuka.

## Shekara ta farko, zangon farko: katin fita

Shugabar makarantar ta kira taro, aka yanke shawara guda biyu. Aka ware wani ƙaramin ɗaki mai shiru, aka ba yaran da aka gane kati: duk lokacin da yaro ya ji ba daɗi, ya ajiye katin a teburin malami ya fita, ba sai ya yi bayani ba. Aka kuma roƙi malamai su daina kiran waɗannan yara su karanta ko su amsa tambaya a gaban aji.

Makonni biyu na farko kowa ya ji daɗi. Kuka ya ragu, littafin ma'aikaciyar jinya ya yi sauƙi, iyaye suka yi godiya.

Daga mako na huɗu katin ya fara yawo. Yarinyar da ke fita a darasin karatu kaɗai ta soma fita a lissafi, daga nan a taron safe, daga nan duk lokacin da aka ce a yi aiki rukuni-rukuni. A zangon da ya gabata kwana huɗu ta rasa a makaranta. A wannan zangon ta rasa goma sha ɗaya. Yaro mai yawan tambaya bai taɓa amfani da katinsa ba, domin shi ba fita yake so ba, tabbaci yake nema, kuma malamarsa ta ci gaba da ba shi duk lokacin da ya nema. Mai kukan rabuwa aka yarda mahaifiyarsa ta riƙa zama a ɗakin shirun har a yi tara. Kafin ƙarshen zango tana kaiwa har lokacin tashi.

## Zango na biyu: atisayen numfashi

Aka ƙara wani abu ba tare da an cire katin ba. Kowace safiya dukan aji su rufe ido na minti biyar, su bi wata murya da aka naɗa tana koya musu jan numfashi a hankali da mai da hankali kan abin da jiki ke ji. Wasu suka so shi, wasu suka mai da shi abin dariya. Yawan fita da kati bai canza ba. Yarinyar ta koyi atisayen sosai, amma a ɗakin shiru take yin sa, bayan ta riga ta bar ajin.

Wannan bai yi nisa da abin da aka gani a wani babban gwaji na Birtaniya ba. Gwajin MYRIAD, wanda Jami'ar Oxford ta jagoranta aka kuma fitar da sakamakonsa a 2022, ya ƙunshi ɗalibai sama da 8,000 'yan shekara 11 zuwa 14 a makarantu sama da 80. Darussan natsuwa masu kama da wannan atisaye da aka koya musu ba su fi koyarwar da aka saba yi tasiri kan lafiyar tunanin ɗaliban ba, kuma akasarinsu ba sa yin atisayen a gida.

## Zango na uku: aunawa

A nan ne makarantar ta ɗauki wata masaniyar halayyar yara da za ta riƙa zuwa kwana ɗaya a mako. Abin da ta fara yi shi ne aunawa. Da izinin iyaye, yaran ajin biyu suka cika takardar tambayoyin da Susan Spence ta Ostiraliya ta tsara a ƙarshen shekarun 1990. Tambaya 44 ce, yaro da kansa yake amsawa ko abu ba ya faruwa da shi, ko wani lokaci, ko sau da yawa, ko kullum. Takardar ba ta yanke hukuncin cewa yaro na da larura. Nuni kawai take yi ga wanda ya kamata a zauna da shi.

Yara tara ne makinsu ya haura iyakar da aka tsayar. Huɗu daga cikinsu ba su taɓa shiga littafin ma'aikaciyar jinya ba, ba su da kati, kuma babu malamin da ya taɓa kawo sunansu.

Daga nan aka duba shirye-shiryen da ake da su. Mafi yawansu jikokin aikin Philip Kendall ne na Jami'ar Temple da ke Amurka, wanda shirinsa na zama 16, Coping Cat, ya nuna a gwajin 1994 cewa hanyar gyaran tunani da ɗabi'a, wato koya wa yaro gyara tunaninsa da tunkarar abin da yake tsoro a hankali, tana yi wa yara masu fargaba aiki. Paula Barrett ta Ostiraliya ta ɗauko wannan tushe ta mai da shi abin da za a iya koyarwa a rukuni da kuma a aji, wato shirin FRIENDS, mai darussa goma da na tuni guda biyu da zaman iyaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambace shi a rahotonta na 2004 kan rigakafin larurorin ƙwaƙwalwa. Shirin da makarantar ta ɗauka ɗan wannan gida ne: darasi goma, sa'a ɗaya a mako, ga dukan aji. Aka yi wa malaman ajin biyu horon kwana biyu lokacin dogon hutu.

## Shekara ta biyu, zangon farko: darussan aji

Malaman suka fara da himma. Yara suka koyi gane inda tsoro ke sauka a jikinsu, suka koyi bambanta tunanin da ke taimako da wanda ke karya gwiwa, suka riƙa kiran ɗaya kore ɗaya ja. Wannan sashe ya karɓu ƙwarai, har a filin wasa ana jin yaro na ce wa abokinsa, "Kai, wannan jan tunani ne."

A mako na bakwai masaniyar ta zauna a bayan aji don ganin darasin da ya shafi tunkarar abin tsoro mataki-mataki. Kowane yaro ya zana tsani a littafinsa, ya rubuta abin da yake tsoro a can sama, ya jera ƙananan matakai a ƙasa, ya yi masa ado da launi. Aka tattara littattafan aka sa a kabad. Mako na gaba aka wuce zuwa wani darasi. Babu yaron da aka nema ya taka ko da matakin farko. Darussa biyu na ƙarshe kuma shirin jarrabawa ya cinye su.

Da aka yi maganar, ɗaya daga cikin malaman ta faɗi abin da ke ranta ba kwana-kwana: "Ni fa ba likita ba ce. In na ce yarinyar nan ta tashi ta karanta, ta fashe da kuka a hannuna, me zan ce wa uwarta?"

Aka sake aunawa a ƙarshen zango. Makin yawancin aji ya ɗan sauko. Na yara taran nan kusan bai motsa ba, katin fita kuma yana nan yadda yake.

An taɓa gwada wannan tambaya ta wa ya kamata ya koyar. A gwajin PACES da Paul Stallard ya jagoranta a kudu maso yammacin Ingila, wanda aka wallafa a 2014, yara 1,362 'yan shekara 9 zuwa 10 a makarantu kimanin 40 aka kasa gida uku: wasu ma'aikatan lafiya suka koya musu FRIENDS, wasu malamansu suka koya musu, wasu suka ci gaba da darussan da aka saba. Bayan wata 12, waɗanda ma'aikatan lafiya suka koya wa ne suka fi samun raguwar fargaba. Waɗanda malamai suka koya wa ba su bambanta da waɗanda ba a yi musu shirin ba, duk da littafi ɗaya aka yi amfani da shi.

## Zango na biyu: hawa tsanin

Aka canza tsari. Yara taran aka kasa su ƙananan rukuni biyu, masaniyar na zama da kowane rukuni sau ɗaya a mako tare da malamar ajin. Dokar katin ta sauya: yaro na iya komawa kujerar bayan aji na minti biyar, sannan ya dawo kan aikin da ya bari, ko da an rage masa shi. Aka kuma daina tsallake su wajen kira, sai dai an riƙa yin kiran bisa tsarin da aka yi da yaron tun da farko.

Tsanin yarinya mai ciwon ciki ita ta tsara shi da kanta, tana ba kowane mataki lambar tsoro daga sifiri zuwa goma. Karanta layi biyu ga masaniyar ita kaɗai, uku. Karanta wa ƙawa ɗaya da ta zaɓa, huɗu. Karanta wa rukunin mutum biyar, shida. Karanta jimla ɗaya a aji tana zaune, an gaya mata jimlar tun jiya, bakwai. Tsayawa ta karanta sakin layi, takwas. A kira ta ba zato ba tsammani, goma.

Ba a barin mataki sai an maimaita shi har lambar ta sauko. Kafin kowane gwaji masaniyar na tambayar ta abin da take zaton zai faru, ta rubuta shi a gabanta. A mataki na uku yarinyar ta ce, "Muryata za ta maƙale, kuma kowa zai yi dariya." Ta karanta, muryar ta yi rawa a kalmomi biyu na farko, ta kai ƙarshe.

"To, muryar ta maƙale?"

"Kaɗan."

"Mutum nawa suka yi dariya?"

Ta yi shiru tana tunani. "Ba su ma kallona, Malama. Ɗaya yana feƙe fensir."

Wannan tambayar ta bayan gwaji ita ce abin da aka fi nacewa a kai, fiye da yabo, fiye ma da numfashi. An bar mata numfashin, amma da sharaɗin ta yi shi a inda take zaune, kafin ta buɗe baki.

A mako na biyar abin ya ɓaci. Malamarta ba ta zo ba, wanda ya riƙe ajin bai san da tsarin ba, ya nuna ta ya ce ta tashi ta karanta. Tana mataki na huɗu aka jefa ta na shida. Ta miƙe, ta kasa cewa komai, ta fita da gudu. Kwana biyu ba ta zo makaranta ba. Da ta dawo ba a mai da ta farko ba, ba a kuma yi kamar ba abin da ya faru ba. Aka koma mataki na uku na kwana uku, aka saka sabon mataki a tsakani: ta karanta wa rabin aji lokacin da sauran suka fita. Tun daga ranar ake ajiye taƙaitaccen bayanin matakin da kowane yaro yake a cikin rajistar aji, don duk wanda ya riƙe ajin ya gani.

Mataki mafi wuya gare ta ba shi cikin jerin farko. Masaniyar ta nemi ta yi kuskure da gangan, ta karanta kalma ɗaya ba daidai ba a gaban rukuni, ta ga abin da zai biyo baya. Mako biyu tana ja da baya kafin ta yarda. Wani yaro ya gyara mata kalmar, ta maimaita, aka ci gaba. A mako na goma sha ɗaya aka kira ta ba shiri, ta karanta. Ta ce lambar biyar ce.

Yaro mai yawan tambaya tsaninsa juye yake: ba abin da zai yi ba ne, abin da malama za ta daina yi ne. Da ta ƙirga a darasi ɗaya, sau goma sha bakwai ya tambaye ta ko daidai ne. Aka ba shi tikiti uku a kowane darasi, in sun ƙare, amsarta ita ce, "Kai me ka gani? Ci gaba, za mu duba tare a ƙarshe." Makon farko abin ya ƙaru, har ya yaga takardarsa sau ɗaya. An riga an gaya wa malamar cewa haka zai faru kafin ya lafa, don haka ta daure. Daga uku aka koma biyu, daga biyu aka koma ɗaya.

## Iyaye

Taron iyaye na farko mutane kaɗan suka zo, kuma ba iyayen yaran da ake magana a kansu ba. Aka bar taron, aka koma gajeren kiran waya duk mako biyu.

Mahaifiyar yarinyar ta yi tambayar da kusan kowace uwa za ta yi: "Malama, ciki fa take cewa yana mata ciwo. In tilasta mata ta fita a haka?" Aka ce da farko likita ya duba ta, don kada a ɗora wa fargaba abin da ba nata ba. Likita bai sami komai ba. Sannan aka koya wa uwar magana mai ɓangare biyu, ɗaya na yarda ɗaya na ƙarfafawa: "Na san cikin na ciwo, 'yata, na san kina jin tsoro. Kuma na san za ki iya." Ba musu, ba faɗa, ba dogon lallashi. In babu zazzaɓi ko amai, za a je makaranta. Uwar ta ce safiya uku na farko ita ma da hawaye ta dawo gida.

Akwai bincike a bayan wannan. Eli Lebowitz na Jami'ar Yale ya tsara shirin SPACE, wanda iyaye kaɗai ake zama da su, ana koya musu rage sauye-sauyen da suke yi a gida don kauce wa tsoron yaro, kamar amsa tambaya a madadinsa, ko kwana a ɗakinsa, ko barin sa a gida. A gwajin da aka wallafa a 2020 kan yara 124, sakamakon shirin bai gaza na zaman gyaran tunani da ɗabi'a da ake yi da yaron kai tsaye ba.

## Waɗanda tsanin bai ishe su ba

Ɗaya daga cikin yara huɗun da takardar tambayoyi ta tono yana tsoron fita lokacin tara. Aka yi masa tsani, ya tsaya cak a mataki na biyu, lambarsa ba ta sauka ko an maimaita. A mako na huɗu ya gaya wa masaniyar dalili: wasu manyan ɗalibai ne ke tare shi a kusa da banɗaki. Nan take aka ajiye tsanin. Shugabar makarantar ta ɗauki matakin ladabtarwa, aka sa malami a wurin lokacin tara. Tsoron yaron nan daidai yake da haɗarin da ke gabansa, kuma da an ci gaba da tura shi da an cuce shi.

Mai kukan rabuwa kuwa ya ɗan samu ci gaba, mahaifiyarsa ta koma tafiya bayan darasin farko, amma ba ya barci da dare kuma ya rage cin abinci. Aka tura su asibitin da ke duba lafiyar ƙwaƙwalwar yara. Shirin makaranta ba a yi shi don maye gurbin wannan ba. A wani gwaji na Amurka da aka wallafa a 2008 kan yara 488 masu larurar da likita ya tabbatar, kimanin kashi 60 cikin 100 sun samu sauƙi sosai da zaman gyaran tunani da ɗabi'a, kimanin 55 da maganin sertraline, kimanin 81 da aka haɗa biyun, sai kimanin 24 da ƙwayar da ba magani a cikinta. Zaɓi tsakanin waɗannan aikin likita ne da iyaye.

## Zango na uku: sakamako

A ƙarshen shekara ta biyu aka auna a karo na uku. Cikin yara tara, shida makinsu ya sauko ƙasa da iyaka, har da yaron da ake tarewa. Ɗaya yana hannun asibiti. Ɗaya ya canza makaranta a tsakiyar shekara. Ɗaya makinta bai canza ba, kuma ita ce wadda ba a taɓa samun iyayenta a waya ba.

Yarinya mai ciwon ciki ta rasa kwana biyu a zangon. Tana cewa cikin na murɗa mata har yanzu ranar gwaji, sai dai ba ta barin aji. Yaro mai yawan tambaya ya daina karɓar tikiti. An mai da ɗakin shiru wurin zaman ƙananan rukuni. Matsakaicin makin dukan aji ya ragu kaɗan, ba raguwar da malami zai gani da ido ba.

## Abin da lamarin ya nuna

Kada a ɗora wa wannan sakamako abin da ba zai iya ɗauka ba. Yara tara ne, ba a kwatanta su da wani rukuni ba, sun ƙara girma a tsakani, kuma sananne ne cewa waɗanda suka fi kowa maki a awon farko sukan ɗan sauko a na biyu ko ba a yi musu komai ba. Duk da haka, lokacin da canjin ya zo yana da ma'ana. Zango huɗu ana ta ƙoƙari ba abin da ya motsa, sai a zangon da yara suka fara taka matakan da gaske.

Katin fita shi ne kuskure mafi tsada, kuma tausayi ne ya haife shi. Duk lokacin da yaro ya guje wa abin da yake tsoro, yana samun sauƙi nan take, wannan sauƙin kuma shi ke koya masa cewa gudun ne ya cece shi. Ba ya samun damar ganin cewa muryar za ta fito, ko cewa ba wanda ke dariya. Gobe tsoron ya fi na yau, ya kuma bazu zuwa wasu wurare. An yi gudun gara an tadda zago. Amsa tambaya sau goma sha bakwai da zaman uwa a makaranta duk hanya ɗaya suke bi. Atisayen numfashi ba shi da laifi a kansa, amma muddin ƙofar na buɗe ya zama ɗaya daga kayan gudu.

Darussan dukan aji ban ga dalilin yin watsi da su ba, ko da tasirinsu a maki ƙarami ne, kamar yadda manyan nazarce-nazarce suka sha nunawa game da shirye-shiryen makarantu. Amfaninsu a nan shi ne sun ba ajin harshe ɗaya. Lokacin da aka fara fitar da yara tara zuwa ƙaramin rukuni, kowa ya riga ya zana tsaninsa, don haka ba a ɗauke su a matsayin masu wata matsala ta daban ba. Amma aikin da ya canza rayuwar yaran a ƙaramin rukuni aka yi shi. Wannan ya dace da gwajin Queensland na Mark Dadds da abokan aikinsa a 1997, inda aka tace yara aka zaɓi 128 masu alamu: cikin waɗanda ba su kai matakin larura ba tukuna, kashi 16 cikin 100 ne suka kai bayan wata shida a rukunin da aka yi wa shirin, alhali a rukunin da aka sa wa ido kawai kashi 54 ne.

Malaman ba gazawa suka yi ba da suka tsallake sashen tunkara. Horon kwana biyu ba ya koya wa mutum tsayawa yana kallon yaro cikin tsoro ba tare da ya cece shi ba. Malamar da ta ce ita ba likita ba ce ita ce daga baya ta fi kowa iya aikin, bayan ta yi zango guda tana gani ana yi a gabanta, tana da wanda za ta tambaya duk mako. Makarantar da za ta sayi littafin shiri ba tare da ta tanadi wannan rakiyar ba, mai yiwuwa zane kawai yaranta za su yi.

Saura batun ɗorewa. A gwajin PACES, bambancin da aka gani a wata 12 bai kai wata 24 ba, lokacin da yaran suka riga suka koma sakandare. Yaran wannan makaranta ma suna daf da wannan sauyi, kwangilar masaniyar kuma ta ƙare da shekarar. Makarantar ta sa darussan tuni biyu a jadawalin shekara mai zuwa, ta ɗora wa malamar nan jagorancin ƙananan rukuni, ta kuma nemi izinin iyayen yaran da aka yi aiki da su don a rubuta wa makarantun da za su koma gajeren bayani: abin da yaron ke tsoro, matakin da ya kai, da roƙon kada a ba shi katin fita.